Tsofaffin hotunan jiragen kamfaninmu sun fara tsami, me za mu yi?

Tambaya: Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin jiragen sama. Mun ci karo da kwalaye cike da tsofaffin hotunan jirage da fim da takardu, wasu har suna warin tsami. Shugabanmu ya ce a ɗauke su a kwamfuta, a zubar da na asalin. Hakan ya yi?

Amsa: Malam, a ɗauke su a kwamfuta, amma kada a zubar da ko ɗaya. Fara da masu warin nan. Fim ne irin na asitet (wata irin roba) da ya soma ruɓewa, kuma tururin da yake fitarwa yana lalata na kusa da shi. Can gaba zai ƙanƙance, ya yamutse, hoton ya tattare. Ware shi yau, a fara ɗaukarsa kafin sauran, a ajiye shi wuri mai sanyi. Fim ɗin da ya girmi farkon shekarun 1950 kuwa, yana iya zama na naitiret, wanda in ya kama da wuta ruwa ba ya kashe shi cikin sauƙi. Wannan sai ƙwararru.

Sauran, ɗaki mai sanyi, danshi kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, ambulan marar asid. Ban da ledar PVC, da gam, da kilif mai tsatsa. Waɗanda aka ɗauka a kwamfuta kuwa, a adana su a tsarin TIFF, wato tsarin adana hoto da ba ya rage ingancinsa, kwafi uku, ɗaya a wani ginin daban.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne bayanin hoton. Dubi harufan rajista a jikin jirgin, na farkon yana nuna ƙasa: G na Birtaniya, N na Amurka, F na Faransa. Da lambar nan, da launin fentin kamfani, da littafin gyaran jirgi, ana iya gano shekarar da aka ɗauki hoton. Saboda haka kada a raba hoto da fayil ɗin da aka same shi a ciki don wai a gyara tsari. Sannan a gayyato tsofaffin matuƙa da injiniyoyi tun suna raye, su faɗi wane ne wane, a rubuta da fensir mai laushi a jikin ambulan.

In ba ku da wurin ajiya, ku nemi jami'a ko gidan tarihi. Bayan Pan Am, kamfanin jiragen sama na Amurka, ya durƙushe a 1991, Jami'ar Miami ce ta karɓi takardunsa da hotunansa. A dai rubuta yarjejeniya kan wanda ke da haƙƙin mallakar hotunan kafin a miƙa kwalayen.