Jaridar aji a Word: me ya sa shafin ke wargaje min in na zuba rubutun yara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki. Ni malamar Hausa ce a wata ƙaramar sakandare nan Unguwar Rimi, ina so ni da 'yan JSS 2 ɗina mu fara fitar da jaridar aji ko sau ɗaya ne a wata. Na sauke tamfilet a Word na laftof ɗina, yana da kyau sosai, amma da na zuba labaran da yaran suka rubuta sai komai ya hargitse, wani rubutun ya ɓace, hoto ya koma wani shafi, ga ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daban da sauran haruffa. Da na kai bizines santa kuma abin da ya fito a takarda ba shi na gani a kwamfutata ba. Dan Allah a taimaka min, don har na yi wa yaran alkawari.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da wannan tunani, wallahi tambayar nan ta min daɗi. Kuma ki kwantar da hankalinki, ba ke kika ɓata komai ba, kusan duk wanda ya kawo min irin wannan aikin a shagona na Tudun Wada da wannan kukan yake zuwa.

Kin ga shi tamfilet kamar mol ɗin masu buga bulo ne, an riga an yanka masa girma, in kika zuba abin da ya fi ƙarfinsa dole ya zube. Yawancin waɗanda kike samu in kin shiga File, ki danna New, ki rubuta newsletter, da ƙananan akwatunan rubutu aka gina su, to akwatin nan in ya cika ba ya ce miki komai, kawai ɓoye ragowar yake yi a ƙasa, shi ya sa kika ga kamar rubutun ya ɓace alhali yana nan. Maganin abin, tun kafin ki goge rubutun gwajin da ya zo da shi, ki zaɓe shi duka da maus ki duba can ƙasan allo ta hagu, Word zai nuna miki kalma nawa ne. In 120 ne to ki ce wa yaron da zai cike gurbin nan kar ya wuce kalma 120. Ni a ganina wannan ma shi ne babban darasin da ke cikin aikin gaba ɗaya, yaro ya rubuto shafi biyu a kan wasan ƙwallon da ajinsu ya buga, ki mayar masa ki ce rage, ya zauna ya yi ta tunanin wanne zai cire wanne zai bari, to ai ya fara zama edita kenan bai sani ba.

Abu na biyu shi ne yadda kike manna rubutun. In yara sun turo ta WhatsApp ko kin kwafo daga wani fayil, yana tahowa da nashi salon da nashi girman. Ki danna maus na dama a gurbin, cikin zaɓin Paste ki ɗauki wanda ke da alamar A, sunansa Keep Text Only, sai rubutun ya bi tsarin tamfilet ɗin.

Sannan ki duba girman takarda tun farko kafin ki taɓa komai. Da yawa daga cikin tamfilet ɗin nan don Amurka aka yi su, su kuma takardar Letter suke amfani da ita, ta fi tamu faɗi kaɗan amma ta fi gajarta, mu A4 muke saya a kasuwa, santimita 21 da 29.7. Ki shiga Layout, Size, ki mayar A4, in akwatunan sun ɗan goce ki ja su da hannu su zauna.

Amma in gaskiya kike so Malama, ni na fi son ki gina naki da kanki, bai kai minti talatin ba kuma ya fi ji da hargitsin yara. Ki buɗe farin shafi, ki rubuta sunan jaridar a sama da manyan haruffa kamar girman 48, ƙasansa layi ɗaya ƙarami mai ɗauke da fitowa ta nawa, wata da shekara, da sunan ajin. Sai ki sauko layi na gaba ki shiga Layout, Breaks, ki zaɓi Continuous, wannan ita ce 'yar dabarar da mutane ke tsallakewa, ita ke raba kan jaridar da jikinta, in ba ki yi ta ba da kin raba shafi gida-gida har sunan jaridar zai matse ya shige gida ɗaya. Daga nan Layout, Columns, ki ɗauki Three. In kin shiga More Columns akwai wajen Line between, ki yi masa alama ya ja siririn layi tsakani, nan take za ki ga ta fara kama da jarida ta gaske. Jikin labari girman 11 ya isa, kanun labarai 18 zuwa 22 masu kauri. In 'yan firamare ne za su karanta to gida biyu ya fi, da girman 12 ko 13. Kuma ki bar rubutun ya jingina ta hagu, in kika ce sai ya daidaita gefe da gefe a siririn gida, za ki ga manyan giɓi tsakanin kalmomi kamar haƙoran tsoho.

Toh mu zo kan ƙ da ɗ da ɓ, nan ne nake da zafi, don raina yana ɓaci in na ga jaridar yara ta Hausa an rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa, ko dauki a maimakon ɗauki, malamar Hausa kuma ba sai na gaya miki ba. Abin da ya faru da ke shi ne salon rubutun da tamfilet ɗin ya zo da shi, irin masu kwalliyar nan, ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai Word ya je ya aro daga wani salon ya cusa, shi ya sa kike ganin harafi ɗaya ya yi tsuru a tsakiyar kalma, wani lokacin ma akwati kawai zai fito. Ki koma Times New Roman ko Arial, na Windows ɗin yanzu suna da su. Akwai kuma Andika da Charis SIL, kyauta ake sauke su, Andika ma musamman don masu koyon karatu aka zana shi. Kafin ki amince da kowane salo ki gwada shi da ƙ ɗ ɓ da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ, don kanun labarai da manyan za ki fi buƙata.

Wajen bugawa kuma, ki shiga Insert, Symbol, More Symbols, ki nemo ƙ, ki danna Shortcut Key ki ba shi Alt da K, haka ɗ Alt da D, ɓ Alt da B, sau ɗaya za ki yi shikenan. In kin kasa ganinsu a cikin tarin alamomin nan, ki rubuta U+0199 ki danna Alt da X tare zai koma ƙ, U+0257 shi ne ɗ, U+0253 shi ne ɓ. Yaran da za su buga a wayar gida su saka Hausa a kibod ɗin Gboard. Wani ƙaramin abu, in kin rubuta 'yan ko 'ya'ya, Word na juya waƙafin farko ya kalli baya, da zarar ya juya ki danna Ctrl da Z zai miƙe. Jan layin nan da yake ja a ƙarƙashin kowace kalmar Hausa kuma ba ya fita a takarda, amma in yana damun idonki ki zaɓi rubutun duka, Review, Language, Set Proofing Language, ki yi alama a Do not check spelling or grammar.

Hoto shi ma yana da nasa halin. Da kin saka shi ki danna kansa ki zaɓi Wrap Text, Square, sai rubutu ya zagaye shi ki iya ja ki ajiye inda kike so. Ki tuna fotokofi za a yi baƙi da fari, hoton da aka ɗauka cikin aji mai duhu baƙi ƙirin zai fito ba a gane fuskar kowa, gara a fito da yaran waje da hantsi. Shuɗin bango da jan bangon da ke sa tamfilet kyau a allo duk ki cire su, tawadar injin, wato tona, kawai suke sha. Zanen da yara suka yi da baƙin biro a farar takarda ya fi komai fitowa tas. Kuma dan Allah kafin ki saka hoton kowane yaro, musamman 'yan mata, ki sanar da hedimasta ko firinsifal a nemi yardar iyaye.

In tsarin ya zauna yadda kike so, kafin ki zuba labarai ki yi Save As, a wajen nau'in fayil ki zaɓi Word Template, zai ajiye da .dotx a ƙarshen sunan. Duk wata in kin danna shi sau biyu sabon kwafi yake buɗe miki, na asalin yana nan ba abin da ya taɓa shi, ko yara sun yi ɓarna ba asara. Wanda ba shi da Word, LibreOffice Writer kyauta ne kuma yana yin duk wannan ba tare da data ba. Kuma ki saba wa yaran da Ctrl da S duk bayan 'yan mintuna, kin san halin wutarmu, in batirin laftof ɗin ya tsufa ana ɗaukewa aiki ya tafi.

Batun bizines santa, ni ma ya taɓa ci na. Na kai aikin wata makaranta shafi huɗu a fayil ɗin Word, kwamfutarsu ba ta da salon da na yi amfani da shi, ta sauya da wani, shafi huɗu ya koma biyar, sunan jaridar ya karye gida biyu, kuma sai da aka buga kwafi da yawa na lura. Tun ranar ban ƙara kai komai ba sai na mayar da shi PDF, File, Save As, ki zaɓi PDF, yadda kika gan shi haka zai fito ko'ina. Ki tura musu ta WhatsApp a matsayin fayil ya fi ki soka falash ɗinki a kwamfutar da kowa ke sokawa ki kwaso bairos. Ki ce a buga ɗaya tukuna ki karanta a tsaye a wurin, sannan a yi fotokofin sauran.

Ki fara da A4 ɗaya gaba da baya. In abin ya kankama sai ku koma A3, wadda A4 biyu ce a haɗe, a ninka ta biyu ta ba ku shafi huɗu, shafi na 4 da na 1 a waje, na 2 da na 3 a ciki, masu shagon sun san yadda ake jerawa.

Ki kuma bar yaran su riƙe aikin da kansu, edita da mataimakiya, wakilai, mai zane, masu duba kuskure biyu. Kowane labari ya amsa wa, me, ina, yaushe, tun a layin farko. Su yi hira da baba maigadi ko mai sayar da awara a bakin get, su saka kacici-kacici da karin magana a shafin baya. Ranar da za su zaɓi suna ki ba su labarin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, da New Nigerian da ta fara fita nan Kaduna a 1966, wasunsu ma suna wucewa ta gaban gininta a titin Ahmadu Bello ba su san me aka yi a ciki ba. Sunan kowane yaro ya fito ƙarƙashin labarinsa, ki duba rubutun sunayen sau biyu don kuskure ɗaya a nan sai ya jawo kuka. Kwafi ɗaya a manna a allon sanarwa, ɗaya a kai ofis, ɗaya ki ajiye a fayil ɗinki. In ta fito Malama ki turo min PDF ɗin in gani, ina jira.