Taron likitoci kan cutar SEP: me yake kawo wa maras lafiya a Damagaram?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Maiɗakina shekarunta 29. Bara idonta na hagu ya dushe sannan ya dawo, bana kuma ƙafafunta suka yi nauyi. A Yamai aka yi mata hoton IRM (hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka), aka ce ana zaton SEP ce (sclérose en plaques da Faransanci, wata cutar jijiyoyi). Na gani a Facebook wai likitoci sun yi babban taro a Turai sun samo maganinta. Gaskiya ne? Daga wani malamin makaranta a Zinder.

Amsa: Malam, Allah ya ba ta lafiya. Taron gaskiya ne, amma ba a samo maganin da ke raba mutum da cutar kwata-kwata ba. Duk wanda ya ce yana sayar da shi, kada ka ba shi ko dala.

A wannan cuta garkuwar jiki ce ke afka wa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar a ɓare robar wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa yankewa. Ta fi kama mata tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma a 2020 an ƙiyasta mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. Tana zuwa ta lafa ta dawo, shi ya sa a nan da yawa suke ɗaukar ta sammu ko iska, har a ɓata shekaru.

Babban taron shi ne na ECTRIMS, ƙungiyar Turai mai bincike kan cutar, da ake yi kowace shekara. A na 2024 a Kofenhagen aka gabatar da gyaran ƙa'idojin McDonald, waɗanda likitoci ke bi tun 2001 wajen tabbatar da cutar. Yanzu jijiyar ido ta shiga cikin wuraren da ake lissafawa idan an ga tabon cutar, kuma ana iya tabbatarwa da wuri. Ana kuma ta muhawara kan binciken jami'ar Havad na 2022, wanda ya bi sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna kamuwa da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr na ninka haɗarin samun SEP sau 32.

Amma abin da ya fi faranta mini rai shi ne na Yulin 2023, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magunguna uku na SEP a jerin magungunan dole: rituximab, cladribine da glatiramer. Suna rage tashin cutar, suna jinkirta nakasa. Rituximab ta ƙarin ruwa ake ba da shi, galibi duk wata shida. Sai dai kafin a sa mata, lallai a auna ciwon hanta nau'in B, domin yana da yawa a ƙasarmu kuma maganin na iya tayar da shi. A faɗa wa likita idan kuna shirin haihuwa.

Ga abin da ya fi damuna. Yawancin binciken da ake kaiwa waɗannan taruka a kan Turawa aka yi shi. A cikin baƙar fata akwai wata cuta mai kama da ita, NMO, wadda ita ma ido da laka take kamawa, kuma wasu magungunan SEP, irin interferon, ƙara ta suke yi. Tunda an ce "ana zato", ka roƙi likitan jijiyoyi ya nemi gwajin jini na aquaporin-4, mai gano NMO, kafin a fara magani.

In sabuwar alama ta wuce awa 24, ku tafi asibiti; akwai allurar methylprednisolone ta kwana uku zuwa biyar mai gaggauta lafawa. Zafin bazara kuwa, na Afrilu da Mayu, yana tsananta alamun na ɗan lokaci ba tare da cutar ta ƙaru ba. Ta guji rana da tsayuwa gaban murhu da tsakar rana, ta riƙa watsa ruwan sanyi. Ka ajiye faifan IRM ɗin da duk takardunta wuri ɗaya, don da su za a kwatanta hoto na gaba.