Ban taɓa rubuta manhaja ba, ko zan iya karanta bayoinfomatiks?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Na karanta ilimin ƙananan halittu, na kuma gama bautar ƙasa. Ina son yin digiri na biyu a fannin bayoinfomatiks, wato nazarin halittu ta hanyar amfani da kwamfuta, amma ban taɓa rubuta manhaja ba. Zan iya? Kuma ana samun aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Za ki iya, sai dai kada ki fara da sayen fom. Fara da gwada kanki.

Aikin nan galibinsa zama ne gaban kwamfuta. Na'urar da ke karanta DNA ba ta ba ki shi a jere, guntu-guntu take fito da shi, miliyoyi, kamar an yayyaga littafi an zuba a buhu. Ke ce za ki tsince gurɓatattun, ki harhaɗa sauran, ki gwada da abin da aka riga aka sani. Ƙwayar cutar korona haruffan da ke ɗauke da bayanan halittarta kusan 30,000 ne, na ɗan Adam kuwa sun kai biliyan 3. Ido ba ya wannan aiki.

Don haka ki ba kanki wata uku. Ki sa Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kwamfutarki, ki koyi harshen rubuta manhaja na Python, daga baya na R. Ki shiga GenBank, rumbun bayanan DNA a intanet, kyauta ne, ki sauko da bayanan ƙwayar zazzaɓin Lassa, ki jera su ki ga inda suka bambanta. Wata rana waƙafi ɗaya da kika manta a rubutun manhaja zai cinye miki yini guda. In kika gano shi kika ji daɗi maimakon ki rufe kwamfutar, to fannin naki ne. Abin da ya fi kayar da ɗaliban halittu ma ba manhajar ba ce, ƙididdiga ce, ki koma mata tun yanzu.

Wajen zaɓen makaranta, malamin da zai duba aikinki ya fi sunan jami'a muhimmanci. Ki tambaya: yana da bayanai a hannu? Akwai babbar kwamfutar da za ki yi aiki a kai? Jami'ar Covenant da ke Ota ta daɗe a fannin. Cibiyar ACEGID mai binciken ƙwayoyin cututtuka ta Jami'ar Redeemer's a Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara karanta haruffan ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020.

Batun aiki kuwa, ba zan ɓoye miki ba, guraben ba su da yawa, kuma da dama na kwantiragi ne, suna ƙarewa da kuɗin tallafin bincike. Amma ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da ku, tun 1924 take, ga ɗakin gwajin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a Gaduwa, Abuja. Ki nemi zuwa Vom ko da aikin sa-kai ne, ki tafi da ɗan aikin Lassan da kika yi a kwamfutarki ki nuna musu.