Farar bishiyar da kika gani a maƙabarta

Jikata, saƙonki ya iso. Kin ce kin tsinci farin furen faranjifani a ƙasa za ki kai ɗaki saboda ƙamshinsa, sai abokan karatunki 'yan Maleshiya suka hana ki, wai furen maƙabarta ne. Kina tambaya ko akwai wani abu a jikin bishiyar.

Babu komai a jikinta sai farin ruwa mai kama da nono, wanda ke fita in an karya reshe. Shi kam ki kiyaye shi, yana sa ƙaiƙayi, kuma kada ya kusanci ido. Dangin tumfafiya ce, kin ga ba abin mamaki ba ne.

Ita wannan bishiya ma baƙuwa ce a can. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan, jiragen ruwan Turawa ne suka kai ta Asiya. Sunanta na masana, Plumeria, an sa shi ne don tunawa da Charles Plumier, wani malamin coci Bafaranshe masanin tsirrai da ya rasu a 1704. A gidanta na asali, irin su Fotoriko, farar takan fito ne a kan duwatsun bakin teku, inda ƙasa ba ta da yawa, ruwan sama kuma da ya zuba sai ya tsiyaye. Rassanta masu kauri ne, suna ajiye ruwa. Rani ya yi, ta zubar da ganye ta tsaya tsirara kamar ta mutu, can sai ki ga fure ya ɓarke a kan sandunan, fari fat, tsakiyarsa rawaya, a bayansa baƙin dutse. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya mantawa.

To yanzu ki yi tunanin wanda ya binne nasa, yana son ya bar inuwa a wurin, alhali ba kullum zai zo ban ruwa ba. Me zai shuka? Wadda in an yanki reshenta aka soke a ƙasa za ta kama, ba ta neman kulawar kowa, kuma tana zubar da fure a kan kabari da kanta. A ganina daga nan al'adar ta faro, tsoron daga baya ya biyo. Ƙamshin ma ya taimaka, don da dare ya fi tashi, mai wucewa ta gefen maƙabarta cikin duhu kuwa ba ya rasa abin da zai raya a ransa. Alhali wani malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki take kira. Wayo ma take masa, furen ba shi da ruwan zaƙi ko ɗigo, haka zai yi ta yawo daga wannan zuwa wancan yana yi mata barbara a banza.

Ki lura kuma, a tsibirin Bali, cikin Indunusiya, furen nan ne suke kaiwa wuraren bautarsu suna soka shi a kunne. Ƙasar Lawos da Nikaraguwa kowacce ta ɗauke shi furen ƙasa. A Hawayi, inda aka kai shi a 1860, sarƙar wuya ake yi da shi a rataya wa baƙo, budurwa ta saka a kunnen dama, wadda aka yi wa kamu ta saka a na hagu. Ke dai na dama za ki saka, amaryata, ban sake ki ba tukuna.

Amma kada ki tsaya musu da mutanen nan, kuma kada ki ba wani furen kyauta a can, zai iya ɗaukarsa da wata fassara. Ki shaƙi abinki a gindin bishiya bayan magariba. In kin samu gidanki kina son shuka ta, ki bar yankakken reshen ya sha iska kamar mako guda bakinsa ya bushe, sannan ki dasa cikin yashi da tsakuwa, inda rana ke bugawa sosai. Ki riƙe hannunki wajen ban ruwa, yawansa ne ke ruɓar da saiwarta.

Kakarki tana gaishe ki.