Kafin ka rubuta wa farfesa kan enzaim masu ƙarfe

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma bai bambanta da na waɗanda suka riga ka ba: ka gama digirin farko a kimiyyar sinadarai, binciken enzaim (furotin da ke hanzarta aikin sinadarai a cikin abu mai rai) masu ɗauke da ƙarfe ya burge ka, kana so a samo maka farfesan da zai ɗauke ka digirin digirgir a Amurka ko Jamus. Ba a samo wa mutum farfesa. Abin da zan iya yi maka shi ne in faɗa maka yadda aikin yake a hannu, domin wasiƙun da ke zuwa daga gida yawanci a layi na biyu ake gane mai su bai san abin da yake nema ba.

Babbar tambayar fannin ita ce yadda ƙwayar ƙarfe ɗaya ko biyu a cikin furotin ke kama oksijin su karya haɗin kabon da haidirojin, a cikin ruwa, ba wuta ba matsi. Haɗin da ke cikin iskar methane ya kai kilokalori 105 a kowane mol, amma akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita methanol da enzaim mai ƙarfe biyu. Siffar ƙarfen da ke yin wannan aiki ba ta daɗewa, wata ba ta kai daƙiƙa guda ba, kuma kama ta kafin ta ɓace shi ne sana'ar. A 2003 Bollinger da Krebs a jami'ar jihar Pensilbaniya suka kama irin wannan siffa, wato Fe(IV) (ƙarfen da ya rasa elektiron huɗu) mai oksijin, a enzaim ɗin bakteriya mai suna TauD, a shekarar kuma Lawrence Que na Minesota, tare da Wonwoo Nam da Eckard Münck, suka fitar da hoton kiristal na irinsa da aka haɗa a lab, tazarar ƙarfe da oksijin kusan angstrom 1.65. Sai a 2010 Rittle da Green suka yi cikakken bayanin makamancinsa a enzaim ɗin P450, bayan an daɗe ana farautarsa. A 2011 ne aka tabbatar cewa ƙwayar da ke tsakiyar curin ƙarfe bakwai na naitirojines, enzaim ɗin da ke mayar da naitirojin na iska amoniya, kabon ce. Ka lura da tsawon lokacin. Fannin ba na mai gaggawa ba ne.

Gida uku ne a ciki, kuma dole wasiƙarka ta nuna wanne kake so: masu tace enzaim daga bakteriya, masu haɗa ƙananan sinadarai da ke kwaikwayon enzaim, da masu na'urorin awo da lissafi. Wanda ya ce duka yake so ya nuna bai karanta ko ɗaya ba.

Abokin gabarka oksijin ne. Fe(II) a ruwa maras tsami yana komawa Fe(III) ya zama tsatsa, curin ƙarfe da salfa kuma yana wargajewa. Za ka ga furotin mai launin ƙasa-ƙasa yana koɗewa, aikin mako guda ya tafi. Shi ya sa ake aiki a cikin akwatin safar hannu da oksijin ɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Duk ruwan da zai shiga sai an fitar masa da iska a layin Schlenk, ana zuƙewa ana cika argon sau da dama. Kayan roba suna riƙe oksijin a jikinsu, don haka a bar su su kwana a cikin akwatin kafin a taɓa su da furotin. Sababbin ɗalibai a nan suka fi faɗuwa, su yi ta zargin enzaim alhali bututun roba ne. Dithionite, garin da ake ba furotin elektiron da shi, a haɗa shi sabo a ranar, a auna ƙarfinsa a nanomita 315, domin garin da ya sha iska ba ya kai abin da ke rubuce a kwalba. Kada ka zuba ƙarfe a bofa (ruwan da ke daidaita tsami) ta fosfet, zai kwanta a ƙasa. Ka yi amfani da bofa ta HEPES ko MOPS.

Kada ka taɓa ɗauka cewa furotin ɗinka yana ɗauke da ƙarfen da ya kamata. Auna. A narkar da furotin da asid, a mayar da ƙarfen Fe(II) da askobet, a zuba ferrozine, a karanta launin shuɗi mai ja a nanomita 562. Idan ka tace furotin a kan resin mai nikel, nikel na iya zama a kujerar ƙarfe ya kashe aikin enzaim, shi ya sa masu curin ƙarfe da salfa da yawa suka fi son tacewa da alamar Strep, wadda ba ta buƙatar nikel. Idan kuma ka ga sigina a g = 4.3 a EPR, na'urar da ke gano elektiron marasa abokin zama, kada ka yi murna da wuri: sau da yawa tarkacen Fe(III) ne da ya maƙale a jikin furotin, ba wurin aiki ba.

Awon Mössbauer, mai nuna matakin da ƙarfe yake ciki, shi ne alƙalin fannin, amma nau'in ƙarfe na Fe-57 kawai yake gani, wanda kashi 2 cikin ɗari ne na ƙarfen duniya. Sai an sayi tsantsarsa da tsada, a narkar a asid, a ciyar da E. coli da shi a ruwan reno maras wani ƙarfe, ko a cusa shi a furotin bayan an tace. Ana son kusan milimola ɗaya (milimol ɗaya a kowace lita) na Fe-57 a samfur, wato furotin mai kauri sosai daga litoci da yawa na bakteriya. Nan wata matsala ke jira, domin sai an gauraya furotin da ruwa mai oksijin aikin enzaim ke farawa: ruwan da ya sha iskar ɗaki milimola 0.25 kacal na oksijin yake riƙewa, wanda aka cika da tsantsar oksijin a sanyi kuma bai wuce kusan 2 ba. In ba ka lissafa rabon gaurayawa ba, oksijin zai ƙare kafin rabin enzaim ya motsa. Bayan an gauraya cikin 'yan milisakan, ana fesa ruwan cikin isopentane mai sanyin digiri 140 zuwa 150 ƙasa da sifili, don a daskarar da siffar nan kafin ta ɓace, a danna ƙanƙarar cikin bututu da hannu. Dannawar nan kaɗai tana cin watanni kafin hannu ya faɗa. Kuma bututun EPR da ruwan naitirojin ya shige cikinsa yana fashewa idan ya ɗumama, saboda haka tabarau ba ado ba ne.

Wannan duka ya sa ake zaɓen lab, ba ƙasa ba. Tambayi ko suna da Mössbauer da EPR nasu ko aikawa suke yi, ko suna samun ruwan hiliyam a kai a kai, ko suna samun lokaci a sinkurotiron, babbar na'urar samar da hasken X-ray mai ƙarfi, irin na Stanford ko Grenoble. Duba abin da suka wallafa a shekaru uku da suka wuce, ba sunan da farfesan ya yi tun kana firamare ba. Wasu manyan da ka gani a littafi sun daina ɗaukar ɗalibai. Rubuta wa ɗalibansa na yanzu ka tambaye su shekara nawa ake gamawa da yadda yake idan gwaji ya ƙi. Mugun shugaban lab ya fi sanyin ƙasar wahala, kuma bizarka tana rataye da sa hannunsa.

A Amurka sashen kimiyyar ake nema, galibi kafin Disamba ta ƙare, su biya kuɗin makaranta su ba ka albashi kana koyar da 'yan digirin farko, shekara biyar zuwa shida. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi, ɓarawo ne. Dokokin bizarsu na sauyawa, ka duba halin da ake ciki kafin ka kashe ko sisi a kan fom. A Jamus galibi sai da digiri na biyu, gurbin kuma aiki ne da ake tallatawa, albashin rabi zuwa kashi biyu cikin uku na cikakken ma'aikaci. Duba cibiyar Max Planck da ke Mülheim, inda Serena DeBeer ke aikin naitirojines.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake kallon takardunmu da shakka tun kafin a karanta, kuma wani lokaci mu muke ba su dalili. Aikin kammala digiri na auna dalma a ruwan rijiya, ko haɗa Schiff base da ƙarfe a gwada shi a kan bakteriya da IR kawai, ba laifi ba ne, amma kada ka kira shi binciken enzaim. Faɗi abin da ka yi daidai. Sannan ka ƙara abin da ke hannunka: ka ƙware a ka'idar filin ligand, da simetiri, da lissafin saurin gauraya. Manhajar ORCA ta Frank Neese kyauta ce ga masu bincike a jami'a kuma tana tafiya a kwamfutar cinya. Ɗalibin da ya lissafa yanayin sifin na ƙaramin sinadarin ƙarfe ya bayyana inda lissafin ya kauce ya fi mai shafi biyu na yabon farfesa.

Batun dawowa gida kuwa, ka yi tunaninsa tun yanzu. Babu sinkurotiron ko ɗaya a nahiyar Afirka, hiliyam tsada ne ko a nan, firijin digiri 80 ƙasa da sifili kuma ba ya yafe ɗaukewar wuta. Abin da ke bin mutum gida shi ne lissafi, da awon saurin enzaim da na'urar UV, da abokan aikin da za su karɓi samfurinka. Tambayoyi kuma muna da su: yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke tara heme, sinadarin jini mai ƙarfe, ta mayar da shi kiristal mai suna hemozoin, yadda ƙarfen heme ke kunna maganin zazzaɓi na atemisinin, da naitirojines ɗin da ke aiki a ƙulullukan saiwar wake da gyaɗa.

Ka zaɓi lab uku, ka karanta takarda ɗaya ta kwanan nan daga kowanne, ka rubuto mini da Hausa wane awo ne ya tabbatar musu da matakin ƙarfen, da abin da kake ganin bai gamsar ba. Idan ya zo, sai mu duba wasiƙar.