Tawaya da ragi a littafin sito

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa na soke kalmar "ragi" da ka rubuta a littafin sito game da buhunan masarar nan, na sa "tawaya" a gurbinta, alhali a ganinka duk abu ɗaya suke nufi.

Ragi abu ne da mai kaya yake yi da saninsa da yardarsa, kamar idan mai saye ya taya, ka sallama masa ƙasa da kuɗin da ka fara faɗa. Idan kuma don sauƙaƙa wa abokin ciniki ka yi, sai a kira shi rangwame. Ita kuwa tawaya ana faɗarta ne idan abu ya gaza kaiwa adadin da ya kamata a same shi. Masarar da muka saya da kaka tana da sauran danshi, mun ɗora kowane buhu a sikeli ya ba da kilo 100, amma da ta sha iskar hunturu a sito, ƙwari kuma suka taɓa na ƙasan, sai nauyin ya sauka. Babu wanda ya yafe wa wani ko ƙwaya ɗaya. Da na bar rubutunka, duk wanda ya buɗe littafin nan zai ɗauka mun karya farashi ne, ya nemi sanin wa aka yi wa alfarmar.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne 'yar'uwarta, wato "tauye". Tawaya tana faɗin halin da kaya ke ciki ne kawai, ba ta ɗora wa kowa laifi, amma da zarar ka ce wane ya tauye mudu, to ka tuhume shi da cin haƙƙin mutane, laifin da sura ta 83 ta Alƙur'ani, Muɗaffifina, ta buɗe da yi wa masu shi gargaɗin azaba. A nan kasuwar hatsi ta Dawanau na ga dillalin da kalmar nan ta raba shi da abokan hulɗarsa na shekaru, tun kafin a sake auna kayan a gane danshi ne ya fita. Har yau abin yana damuna.

Ka kuma lura da harafin ƙarshe, kada hannunka ya zame ka rubuta "tawaye", domin wannan bore ne.

Gobe da safe ka sake auna buhunan, ka rubuta nauyin kowanne da dalilin tawayarsa a gefe.