Ƙanena ya rantse ba zai koma asibiti ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanena yana da lalurar ƙwaƙwalwa, shekara 2 ke nan yana shan magani. Duk wata da asuba muke tasowa daga Daura, mu bi layin kati, mu bi na likita, ƙarshe a ce babu maganin, sai kemis. Watan jiya mai ba da kati ya ɗaga murya ya ce "masu taɓin hankali ku koma can", ga wani ɗan unguwarmu a tsaye. Tun ranar ya rantse ba zai koma ba. Baba ya ce a kai shi gidan mari. Ya zan yi?
Wata 'yar'uwa, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki lallashi Baba ya ajiye zancen mari. Ku mutanen Daura kun fi ni sanin halin da 'yan sanda suka tarar da yara da samari a wani gidan mari na garinku a watan Oktoba 2019.

Ni ban ga laifin yaron nan ba. Asibitocinmu an tsara su ne don sauƙin ma'aikaci, ba wanda ya tambayi mai ciwo inda takalmi ke matsa masa. Kuma gyaran ba sabon ilimi ba ne. Tun 1954 Dokta Thomas Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa, da rana su zo magani, da dare su kwana cikin jama'a.

Abin da ke kawo cikas shi ne wanda ya kamata a ji ta bakinsa kunya ta hana shi magana. In ma ya yi, sai a ce ciwon ne ya motsa. Sai likita ya juyo wajenki, ke kuma ki amsa a madadin mai ciwon (ni ma na sha yin haka, Allah ya yafe mini). Ga ƙarancin likitoci, ga layi har ƙofa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba shi haƙƙin a rufa masa asiri, amma takarda ba ta canja harshen mai kati.

Kada ya yanke magani kwatsam, ciwon na iya dawowa. Ki je ke kaɗai da katinsa, ki faɗa wa likita abin da ya faru, ki tambaya ko za a tsawaita masa ranar dawowa ko a tura shi asibiti mafi kusa. Kafin ki tafi, ki zauna da shi ki ji me zai sa ya yarda ya koma, ki rubuta da kalmominsa.